Yabo a Tsakiyar Tafiya: Matsayin Murnar Malami wajen Koyar da Karatu da Rubutu a Sokode da Dapaong

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji na shekara guda ya san cewa himmar yara hawa take yi tana sauka. A farkon shekara akwai ɗoki, domin ga sabon aji, ga sabon malami, ga sabon littafi. A ƙarshenta kuma akwai tsoron jarrabawa, wanda shi kaɗai ya isa ya tashi malalaci daga barci. Tsakiyar shekarar ce ba ta da ɗoki, ba ta da tsoro. A nan ne murya kan yi sanyi wajen karatu, rubutu ya karkace, wasu kujeru su fara zama babu kowa.

Wannan takarda za ta duba abin da malami kan yi a wannan lokaci na sanyin jiki, musamman yadda yake nuna murna da ɗan ci gaban da yaro ya samu a karatu da rubutu. An ɗauki misali daga garuruwa biyu na ƙasar Togo, wato Sokode da Dapaong, saboda a cikinsu yaro guda kan ratsa makarantu iri biyu, ta allo da ta boko, kuma kowacce da yadda take yaba wa ɗalibinta. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, yabon da ke raya karatu shi ne wanda ya nuna wa yaro hujjar nisan da ya yi da kansa, a gaban shaidu, tun kafin a kai ƙarshen tafiya.

2.0 Garuruwan Biyu da Harsunansu

Sokode ita ce hedikwatar yankin tsakiyar Togo. Mutanenta na asali su ne Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Garin yana kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta taso daga ƙasar Hausa ta bi ta Jugu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Wannan fatauci ne ya kawo Hausawa da harshensu da makarantun allo irin nasu. Dapaong kuwa ita ce hedikwatar yankin Savanes da ke can arewa, kusa da iyakar Burkina Faso. Mutanenta Moba ne da Gurmawa, tare da Mosawa da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa. Tsakanin garuruwan biyu akwai kusan kilomita 300 a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome, wadda ta ratsa Bafilo da Kara da Mango. Shi wannan gari na ƙarshe, tsohon sunansa Sansanne-Mango, kuma ɗalibin Hausa zai ji kalmar sansani a cikinsa.

Harshen hukuma da na koyarwa a Togo shi ne Faransanci. Gyaran tsarin ilimi na shekarar 1975 ya ɗaga harsunan Ewe da Kabiye zuwa matsayin harsunan ƙasa, amma bai haɗa da Tem ko Moba ko Hausa ba. Wato ke nan, yaron da ya shiga aji ɗaya a Sokode ko Dapaong yana fuskantar aiki biyu a lokaci guda: koyon baƙaƙe, da koyon harshen da aka rubuta baƙaƙen da shi. Ga shi kuma rubutun Faransanci ba ya bin lafazi sau da ƙafa kamar yadda Hausar boko ke yi. Alal misali, sautin o kaɗai ana iya rubuta shi da o ko au ko eau. Firamare shekara shida ce, daga CP1 da CP2, zuwa CE1 da CE2, sannan CM1 da CM2, inda ake rufewa da jarrabawar CEPD. A shekarar 2008 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, yara suka ƙaru ƙwarai, azuzuwa suka cika.

Shiga makaranta daban, iya karatu daban. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya auna yaran Togo a 2014 da kuma 2019. A duka biyun, waɗanda suka kai mizanin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai rabi ba. Wannan shi ne abin da ya sa batun ya wuce na nishaɗi.

3.0 Zango na Biyu da Matsalolinsa

Kalmar zango tana da ma'ana uku da suka dace da wannan bayani. Ta farko, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Ta biyu, unguwar baƙi 'yan kasuwa a garuruwan Gana da Togo da Benin, inda ake furta ta zongo. Ta uku, kashi ɗaya na shekarar karatu. A Togo ana buɗe makarantu a watan Satumba, a rufe wajen Yuni ko Yuli, kuma an kasa shekarar firamare zango uku. Zango na biyu kan fara ne a farkon Janairu ya kai wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu.

Abubuwa da dama kan taru a kan yaro a waɗannan watanni. Na farko shi ne yanayi. Janairu tsakiyar hunturu ne, da sanyin safiya da ƙura da tari da mura. Kafin a farfaɗo sai bazara ta shigo, kuma a Dapaong zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, alhali yawancin azuzuwa rufin kwano ne. Na biyu shi ne aikin gida. A arewa akwai ƙarasa tsinkar auduga da neman ruwa idan rijiyoyi suka ja baya, a yankin Sokode kuma lokacin tsintar yazawa ne. Na uku, a 'yan shekarun nan azumin Ramadan ya faɗo cikin wannan zango, kamar a 2024 da 2025 da aka fara shi a watan Maris, wanda kan sauya lokacin barci da na abinci a gidajen Musulmi. A yankin Savanes akwai ƙarin nauyi, domin hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso sun sa an kafa dokar ta-ɓaci a watan Yuni na 2022, iyalai da yawa suka bar ƙauyukansu, yaransu suka shiga sababbin azuzuwa a tsakiyar shekara.

Sai dai babbar matsalar tana cikin karatun kansa. A zango na farko ci gaba a fili yake: jiya yaro bai san harafi ba, yau ya sani. A zango na biyu an shiga haɗa gaɓoɓi da karanta jimla da fahimtar ma'ana, kuma wannan ci gaba ne mai tafiyar hawainiya, wanda mai shi ba ya gani. Yaro kan ɗauka a tsaye yake wuri ɗaya. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda abin kan kasance daga nan. Wanda ya ɗan iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, ya ƙara iyawa. Wanda ya sha wuya kuwa sai ya guje shi, tazarar da ke tsakaninsu ta riƙa faɗaɗa kowace shekara. Saboda haka yaron da ya yanke ƙauna a Fabrairun CP2 yana iya kai wa CM2 bai dawo ba.

4.0 Yadda Makarantar Allo ke Yaba wa Ɗalibi

Fatake ba su taɓa tasowa daga Kano da niyyar sai sun isa Gwanja za su sauke kaya ba. Sun yanka tafiyar zango-zango, kuma kowane zango aka sauka an san an rage hanya. Makarantar allo ta ƙasar Hausa da ta zangunan Hausawa haka ta tsara tafiyar ɗalibi.

Mataki mafi ƙanƙanta shi ne wanke allo. Yaro zai zo gaban malam ya biya abin da ke kan allonsa. Idan ya biya daidai, malam ya ce masa ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Wannan izini shi ne yabo na farko, kuma ba a bayar da shi sai da hujja. Kowa a tsangaya yana ganin wanda ya tashi da allonsa ya nufi wurin wanki. Bayan wannan akwai matakai masu suna, kamar babbaƙu, inda ake koyon baƙaƙe zalla, da farfaru, inda ake sa musu wasali. Idan ɗalibi ya kai wasu sanannun surori ko ya cika wani adadi na izu, iyaye kan yi sadaka, a dafa abinci a kai makaranta, 'yan uwansa ɗalibai su ci, malam ya yi addu'a. Ƙarshen tafiya shi ne sauka bayan izu sittin, inda ake yi wa allo zayyana, ɗalibi ya karanta a gaban jama'a, a yi walima.

Idan aka lura za a ga sigogi huɗu a wannan tsari. Na ɗaya, an yanka doguwar tafiya gunduwa-gunduwa. Na biyu, kowane ɗalibi da inda yake, ana auna shi ne da allonsa na jiya, ba da allon maƙwabcinsa ba. Na uku, akwai shaidu. Na huɗu, an sa iyaye a ciki, har da waɗanda ba su iya karatu ba, domin uwar da ta soya waina ta san ɗanta ya kai wani wuri. Wannan ba ya nufin makarantar allo ba ta da aibu. Akwai bulala a cikinta, kuma biya karatu da ka ba shi ne fahimtar ma'ana ba. Abin da ake nufi a ara daga gare ta shi ne dabarar sanya alama a kan hanya.

5.0 Yadda Lakwal ke Yi

Makarantar boko ta ƙasashen da Faransa ta mallaka, wadda Hausawan Nijar ke kira lakwal, ta gaji wata hanya dabam. A ƙarshen zango ana yin jarrabawa, a tara maki, a jera yara daga na ɗaya har na ƙarshe. A darasin shifta kuma, wato dikte, al'adar da aka gada ita ce a riƙa zaftare maki a kan kowane kuskure har a kai sifiri. A irin wannan lissafi, yarinyar da ta yi kuskure 30 a Oktoba ta dawo 12 a Fabrairu sifiri take da shi a duka biyun. Ta yi tafiya mai nisa, amma takardarta ba ta nuna ba. Haka nan a ajin yara 70, mutum uku ne ake tafa wa, kuma galibi su ne dai ukun da aka tafa wa a zangon baya.

Duk da haka, a cikin lakwal ɗin akwai kayan aikin da malami mai lura kan juya su zama na yabo. Akwai ƙaramin allon hannu da yara ke rubutu a kai da alli su ɗaga gaba ɗaya idan malam ya buga tebur, wanda ke ba shi damar ganin aikin kowa a cikin daƙiƙa kaɗan. Akwai kuma gadon Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, wanda ya shigar da ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa a 1924. Yaransa kan rubuta abin da suka ga dama game da rayuwarsu, aji ya zaɓi guda, a gyara shi tare, a buga, a aika wa wata makaranta. Hikimarsa ita ce, babbar karramawa ga mai rubutu ita ce a samu wanda zai karanta.

6.0 Harshen Yabo

A nan ne batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. A duba waɗannan jimloli biyu:

(a) Ke haziƙa ce.
(b) Kin karanta layi biyar ba ki tsaya ba.

Jimla ta (a) ba ta da aikatau. Suna ne da dirka, kuma tana ba da hukunci a kan yadda mutum yake. Jimla ta (b) tana da aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, tana faɗin abin da aka aikata, har da adadi. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da 'yan aji biyar a Amurka. Sun yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari, sannan suka ba su aiki mai wuya. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, sun fi son a ba su aiki mai sauƙi don kada sunansu ya ɓaci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa sun fi jurewa. Dalili a fili yake: yarinyar da aka ce mata haziƙa ce, ran da ta kasa sai ta ɗauka an yi kuskure ne a kanta, amma wadda aka ce mata ta karanta layi biyar ta san gobe tana iya neman na shida.

Hausa tana da wadatar irin yabo na (b). Gaisuwar sannu da aiki da sannu da ƙoƙari aikin suke kallo. Haka ma madalla, da aikinki ya yi kyau, da Allah ya ƙara basira, wadda addu'a ce mai duban gaba. Kirari kuwa na ɓangaren (a) ne, shi ya sa ya dace da fagen dambe fiye da aji.

Wajibi ne kuma a san cewa al'ada tana da nata taka-tsantsan game da yabo. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole, amma kuma yana jin nauyin yabon ɗansa a bainar jama'a saboda kunya, yana kuma tsoron baki. Shi ya sa ba a yaba yaro sai an haɗa da tubarkalla. Malamin da ya tsayar da yarinya guda a gaban taro yana zuba mata kirari yana iya jawo mata tsangwamar ƙawaye, ya kuma sa uwarta fargaba. Yabon da aka rataya a kan aiki, aka kuma raba shi ga mutane da yawa, ya fi zama lafiya a irin wannan al'umma.

7.0 Wasu Hanyoyin da Ba Su Bukatar Kuɗi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da hanyoyi biyar da suka dace da aji mai yawan yara da ƙarancin littattafai.

Ta farko, ajiye shafin farko. Malam ya karɓi rubutun kowane yaro a Oktoba ya adana. A tsakiyar Fabrairu ya sa a sake rubuta abu guda, sannan ya miƙa wa kowa tsohuwar takardarsa ya ajiye su gefe da gefe. A nan malam ba ya bukatar dogon bayani, domin yaro zai gani da idonsa.

Ta biyu, ƙirga abin da aka samu. A ƙarƙashin makin dikte sai a rubuta adadin kalmomin da aka rubuta daidai, misali 38 cikin 50. Makin hukuma yana nan yadda yake, amma yarinyar da aka ambata a sama ta samu lambar da ke motsi.

Ta uku, sanya wa matakai suna, kamar yadda allo ya yi: wanda ya gama baƙaƙe, wanda ya haɗa gaɓa, wanda ya karanta jimla, wanda ya karanta shafi ya faɗi abin da ya fahimta da harshen gida. Duk wanda ya haye mataki a faɗi sunansa ranar Juma'a, ko shi ne na 60 a jerin aji.

Ta huɗu, samar wa rubutu mai karatu. 'Yan CM1 su rubuta gajerun labarai su karanta wa 'yan CP2. Aji guda a Sokode yana iya musayar wasiƙa da aji guda a Dapaong, waɗannan su ba da labarin hawan dawaki na bukukuwan garinsu, waɗancan su ba da na kasuwarsu da girbin gero. Motocin haya suna bin hanyar kullum.

Ta biyar, kai labari gida. Yaro ya tafi da takardarsa ya karanta wa kakarsa, ya fassara mata da Tem ko Moba ko Hausa. Fassarar ita kanta jarrabawar fahimta ce, kuma albarkar da tsohuwa za ta sa masa ta fi jan biro daraja a wurinsa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Kada a yabi abin da bai faru ba, domin yara suna gane yabon ƙarya da wuri, kuma daga ranar maganar malam ta zube. Sannan kada kyauta ta zama ita ce manufa. Alli ko biro ba laifi ba ne, amma idan aka saba karatu don alewa, ran da alewa ta ƙare karatu ya ƙare.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa sanyin jikin da ke kama ɗalibai a zango na biyu yana da dalilai na yanayi da na aikin gida da na tsaro, amma mafi girmansu shi ne yaro ba ya ganin nisan da ya yi. An ga yadda makarantar allo ta magance wannan ta hanyar wanke allo da sadaka da sauka, da yadda jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe ke ɓoye ci gaban mafi yawan yara. An kuma ga cewa ginin jimlar yabo yana da tasiri a kan abin da yaro zai yi ran da ya gamu da wuya. Malami a Dapaong ba shi da iko a kan zafin Maris, haka na Sokode ba zai rage yawan yaran ajinsa ba. Abin da ke hannunsu shi ne su ajiye takardar Oktoba, su fito da ita a Fabrairu, su ce wa yaro sannu da ƙoƙari.

9.0 Aikin Ɗalibi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar zango, ka sa kowacce a cikin jimla.
2. Mayar da waɗannan jimloli zuwa yabo mai aikatau: Kai gwani ne. Ke mai ƙwaƙwalwa ce. Ku jarumai ne.
3. Tattaro kalmomi da gaisuwa goma da ake yaba wa mai aiki da su a karin harshen garinku, ka bayyana wanda ke faɗa wa wa.
4. Rubuta shafi guda a kan ranar da ka fara gane cewa ka iya karatu, da abin da malaminka ya ce maka a ranar.